Egress, Hijira Da Gudu: Tarihin Kalmomin Fita

 Maƙalar wannan mako a kan kalma ɗaya ce ta Turanci, kuma ba a littafi na fara cin karo da ita ba. A takardar cinikin gona na gan ta.

Wani kawuna a Danja ya sayi fadamar rake wadda ke bayan gonar wani mutum, ta yadda ba yadda za a yi amalanke ko mota ta isa wurin sai ta ratsa ta gefen gonar maƙwabcin. Da aka gama ciniki a gaban mai unguwa da shaidu, 'ya'yansa suka matsa sai an je Funtuwa lauya ya rubuta. Da takarda ta dawo, ya miƙo mini ya ce, “Kai ɗan boko, karanta mini, kada in dangwala hannu a kan abin da ban sani ba.” Ina cikin fassara masa sai na zo kan wasu kalmomi biyu a jere, “ingress” da “egress”. Na yi shiru. Ya ce, “Yaya, ta fi ƙarfinka?” Na ce, “Kawu, a ba ni zuwa gobe.”

Da na duba ƙamus, ashe ma'anar ba ta wuce shiga da fita ba. Lauyan yana cewa ne mai fadama yana da haƙƙin bi ta wannan gefe ya shiga, ya kuma fito da rakensa. Amma tambaya ta tsaya mini a rai: me ya sa Bature, wanda yake da ƙananan kalmomin fita da ko yaro ya sani, ya ajiye wata babba daban domin takarda? Kuma mu ma muna da irin wannan a Hausa?

Asalin kalmar

“Egress” daga harshen Latin ta fito, harshen tsohuwar daular Rum. Gaɓa biyu ce aka haɗa. Ta farko “e” ko “ex”, wato waje. Ta biyu daga aikatau “gradi”, wato taka ƙafa ko yin taku. Haɗuwarsu ta ba da “egredi”, taka zuwa waje, sai sunan aikin ya zama “egressus”. Turanci ya aro ta a ƙarni na 16, ya guntule wutsiyarta. Tun daga lokacin tana ɗauke da ma'ana uku: aikin fita, da hanyar da ake bi a fita, da haƙƙin da mutum yake da shi na fita. Ma'ana ta ukun ce ke cikin takardar kawu.

Wannan saiwa ta taku tana da 'ya'ya da yawa, wasunsu ma sun daɗe da zama a bakinmu. “Progress” taku ne zuwa gaba. “Congress” takowa ne wuri ɗaya, wato taro. Ke nan duk wanda ya ambaci NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ko NPC ta Sardauna, ko APC ta yau, ya taɓa dangin wannan kalma, domin a cikin cikakken sunan kowaccensu akwai ɗaya daga waɗannan biyu, APC ma ta haɗa duka. Digirin da ake zuwa Zariya nema, da gireda mai gyaran hanya, duk daga “gradus” suke, wato mataki.

Akwai kuma 'yan uwanta biyu na nesa. “Exit” da muke gani a saman ƙofar banki ko asibiti ita ma Latin ce, ma'anarta ta asali “ya fita”, kuma marubuta wasan kwaikwayo na Ingila suna rubuta ta a gefen takarda don nuna inda ɗan wasa zai bar dandamali. “Exodus” kuwa daga Girkanci take, “ex” waje da “hodos” hanya, ita ce sunan da aka ba littafin da ke ba da labarin fitar Annabi Musa da Bani Isra'ila daga Masar.

Yadda ta zama kalmar manya

Dalilin da ya sa Turanci yake da kalmar kasuwa da kalmar kotu ga abu ɗaya yana cikin tarihin cin ƙasa. A 1066 Normawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi. Daga nan fada da kotu suka koma magana da Faransanci, coci da rajistar hukuma suna rubutu da Latin, talaka kuma ya ci gaba da yarensa a gona da kasuwa. A 1362 aka yi doka cewa a riƙa yin shari'a da baki cikin Turanci, amma rubutun kotu ya zauna a Latin. Sai wata doka ta 1730, wadda ta fara aiki a 1733, ta wajabta rubuta takardun kotu da Turanci. Kafin lokacin lauyoyi sun riga sun saba da kalmominsu, sai suka kwaso su suka shigo da su. A takardun haya da na filaye, sukan jera uku: “ingress”, “egress” da “regress”, shiga da fita da komawa.

Yadda ta iso Funtuwa kuwa ba ɓoyayye ba ne. Mulkin mallaka ya shigo da dokar Ingila, har dokokin kotunanmu suka karɓi dokokin gama-gari da ke aiki a can a ranar 1 ga Janairu 1900. Lauyan da aka horar a wannan tsari ya gaji tsofaffin samfuran takardu, yana kwafa yana sauya suna da wuri. Haka kalmar da Barume ya ƙera ta bi ta Landan ta sauka a kan fadamar rake a kudancin Katsina.

Bayan kotu, wasu fannoni sun ɗauke ta. Masu ilimin taurari suna kiran lokacin da wata tauraruwa ta gama ratsawa ta gaban rana, ko ta fito daga inuwar wata, da wannan suna. Masu harkar kwamfuta suna kiran bayanan da ke fita daga rumbun ajiya na intanet da shi, har kamfanoni suna cajin kuɗi a kai.

Babbar kalma a hannun mai wayo

Labarin da ya fi shahara a kan wannan kalma na wani Ba'amurke ne mai gidan kallo, P. T. Barnum. Yana da gidan nuna abubuwan mamaki a birnin New York daga farkon shekarun 1840 har gobara ta cinye shi a 1865, ana biyan santi 25 a shiga. Shi da kansa ya ba da labarin a tarihin rayuwarsa: wata ranar biki mutane suka cika gidan, suka zo da abincinsu, ba su da niyyar fita, ga wasu a waje da kuɗi a hannu babu wurin shiga. Sai ya sa aka rubuta allo aka kafa a kan ƙofar baya, yana nuna hanyar zuwa “egress”. Mutane suka ɗauka wata baƙuwar dabba ce da ba su gani ba tukuna, suka yi ta tururuwa, sai ga su a titi.

Ana ba da labarin don dariya, amma marubuci ya kamata ya tsaya a kansa. Barnum bai yi ƙarya ba. Abin da ya rubuta gaskiya ne, sai dai ya zaɓi kalmar da ya san masu karatu ba za su gane ba. Ana iya yaudarar mutum da gaskiya idan aka naɗe ta cikin kalmar da ta fi ƙarfinsa.

Inda fita ta zama rai da mutuwa

Wurin da kalmar ta fi aiki a yau shi ne dokokin gini, kuma da gawarwaki aka rubuta waɗannan dokoki. A ranar 16 ga Yuni 1883, a wani zauren wasa a garin Sunderland na Ingila, yara suka rugo daga bene don karɓar kyauta. Ƙofar da ke ƙasan matakala ciki take buɗewa, kuma an sa mata sakata ta yadda yaro ɗaya kawai zai iya wucewa. Yara 183 suka mutu a turmutsitsin. Bayan haka aka fara tilasta wa wuraren taro su sa ƙofofin da ke buɗewa waje. A ranar 25 ga Maris 1911 kuma, wuta ta tashi a wata masana'antar ɗinkin riguna mai suna Triangle a New York, ma'aikata 146 suka mutu, yawancinsu 'yan mata baƙin haure, kuma an tarar da wata ƙofar fita a kulle.

Mu ma muna da namu. A watan Mayu 1951 gobara ta tashi a silimar El Duniya a Kano ana cikin kallo, mutum fiye da 300 suka rasu.

A dokokin gini na Amurka, abin da suke kira “means of egress” kashi uku ne: hanyar da za ta kai ka ƙofa, da ƙofar kanta, da sararin da za ka faɗa bayan ka fita. In ɗaya ya toshe, sauran biyun ba su da amfani. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin kwanan ɗalibai mai tagogi da ƙarfen ɓarayi da ƙofa ɗaya tak, ko layin kasuwa da 'yan tebur suka cinye, ya san wannan magana ta shafe mu. Hausa tana da kalmar da ta dace da wannan sarai, wato mafita. Har ta fi ta Turancin faɗi, domin mafita ƙofa ce, kuma ita ce maganin matsala.

Arzikin da ke cikin “fita”

Yanzu mu dawo gida. Inda Turanci ya je aro, Hausa ta juya kalma ɗaya ta fitar da ma'anoni. Ka ce ya fita, ya bar nan. Ka ce ya fito, ya nufo inda kake. Ka ce ya fice, ya tafi gaba ɗaya, sau da yawa da fushi ko da niyyar ba zai dawo ba. Ka ce an fitar da shi ko an fid da shi, to ba da son ransa ba ne. Wannan shi ne tsarin da F. W. Parsons ya bayyana a 1960 ya kira shi matakan aikatau, wanda ɗaliban Hausa ke karantawa a jami'a har yau. Ku duba yadda gidajen rediyo suka yi da labarin Birtaniya da Tarayyar Turai a 2020, da na Nijar da Mali da Burkina Faso da ƙungiyar ECOWAS a 2024. Sau da yawa ficewa suka ce, kuma duk mai sauraro ya ji bambancin ba tare da an yi masa bayani ba.

Daga wannan saiwa muke da zakkar fid da kai, da zaɓen fid da gwani, da fita takaba, da fita kunyar wani, da fita haƙƙinsa. Sannan ga wasu kalmomin daban: ƙaura ga wanda ya kwashe iyali da kaya ya sauya mazauni, balaguro ga tafiyar da za a dawo, ci-rani ga wanda ya gama girbi ya nufi Kaduna ko Legas ko Fatakwal har ruwa ya sauka, gudu ga wanda tsoro ya kora.

To amma mu ma muna da hawa na sama, irin matsayin da Latin yake da shi a Turanci. Namu Larabci ne, kuma babbar kalmarmu ta fita ita ce hijira.

Wa ya yi hijira, wa ya gudu?

Hijira a Larabci daga saiwar da ke nufin ƙaurace wa abu take. Darajarta ta samo asali daga fitar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, daga Makka zuwa Madina a 622, wadda daga ita ake ƙirga shekarar Musulunci. Saboda haka duk fitar da aka kira hijira an ɗora ta a kan wannan misali.

A watan Fabrairu 1804, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da jama'arsa suka bar Ɗegel zuwa Gudu bayan dangantaka ta ɓaci tsakaninsu da Sarkin Gobir Yunfa. Jama'ar Shehu ba su kira wannan ƙaura ko gudu ba, hijira suka kira shi, kuma sunan yana da hukunci a bayansa: wanda ya yi hijira ya fita daga biyayyar sarkin da ya bari, yana iya naɗa shugabansa. A Gudu aka yi wa Shehu mubaya'a. A 1806 ya rubuta littafi sukutum a kan wajabcin hijira, Bayan Wujubil Hijra.

Bayan 'yan shekaru kaɗan wasu ma suka fita, amma ta ɗaya ɓangaren. Wajen 1807 birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki, sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga baya suka kafu a Maraɗi a ƙarƙashin Ɗan Kasawa. A 1808 Sarkin Zazzau Makau ya bar Zariya ya yi kudu wajen Zuba, kuma a 1828 ƙaninsa Abu Ja ya kafa garin Abuja, wanda yau ake kira Suleja. Danja tana tsakanin waɗannan masarautu biyu, ƙasar Katsina ce mai iyaka da ƙasar Zazzau, don haka labaran biyu duk namu ne. A yadda aka saba koya mana, waɗannan sarakuna “sun gudu”. Amma je ka Maraɗi ka ji: har yau sarkinsu Sarkin Katsina ake ce masa. A wurinsu sarauta ce ta sauya mazauni.

Ƙarni ɗaya bayan haka abin ya juyo. Turawa suka ci Kano a ranar 3 ga Fabrairu 1903, suka ci Sakkwato a ranar 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi gabas, dubban mutane suka bar gonaki da garuruwa suka bi shi da niyyar isa Makka. A wurin Turawa, hamɓararren sarki ne mai gudu ana bin sa. A wurin waɗanda suka bi shi, hijira ce. An kashe shi a Burmi a ranar 27 ga Yuli 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin kogin Shuɗin Nil har gobe.

Fita uku ke nan, kuma a kowacce mutane sun ɗaure kaya, sun ɗauki yara, sun bar kaburburan iyayensu. Abin da ya bambanta su a littafi shi ne wanda ya riƙe alƙalami.

Abin da ya rage gare mu

Wannan ba tsohon zance ba ne a yankinmu. Shekarun nan mun ga mutanen ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara suna shigowa Funtuwa da Malumfashi da tabarmi da tukwane a ka saboda 'yan bindiga. Wasu daga Katsina da Zamfara da Sakkwato sun tsallaka jihar Maraɗi, hanyar da Haɓen Katsina suka bi shekaru fiye da 200 da suka wuce. Kalmar da muke kiransu da ita, 'yan gudun hijira, ta haɗa ƙaramar kalma da babba wuri ɗaya: gudu yana faɗin tsoron, hijira tana mayar musu da mutunci. A dokar duniya akwai bambanci tsakanin wanda ya tsallaka iyakar ƙasa, wanda yarjejeniyar 1951 ta shafa, da wanda aka raba da gidansa a cikin ƙasarsa, wanda yarjejeniyar Kampala ta 2009 ta yi magana a kansa. Hausa ta haɗa su a suna ɗaya, don haka mai rubuta rahoto sai ya ƙara bayani.

Ga inda nauyin yake a kanmu. In ka rubuta cewa mutanen wani ƙauye “sun ƙaura”, ka sa mai karatu ya ɗauka shawara suka yi suka zaɓa. In ka ce “sun gudu” ka tsaya nan, wani zai ji kamar ragwanta ce, alhali Bahaushe ya ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. In ka ce “an tashe su”, ka nuna akwai wanda ya tashe su, kuma mai karatu zai tambaya wane ne. In ka ce “sun sauya matsuguni”, irin Hausar sanarwar ofis, ka yi abin da Barnum ya yi: ba ka yi ƙarya ba, amma ka kafa allon da zai fitar da mai karatu daga labarin bai ga komai ba.

Saboda haka kafin ka rubuta cewa wani ya bar wani wuri, a labari ne ko a rahoto ko a waƙa, yi wa kanka tambaya huɗu. Da son ransa ya fita ko fitar da shi aka yi? Yana da niyyar dawowa? Wa ya ba fitar wannan suna, shi ko wanda ya kore shi? Kuma wanda kake rubutawa dominsa zai gane kalmar ba tare da ya nemi ɗan boko ba? Babbar kalma tana da wurinta. Lauya yana buƙatar “egress” domin kotu ta san iyakarta, malami yana buƙatar hijira domin tana ɗauke da hukunci. Laifin yana ga wanda ya ɗauko ta don ado, ko don ya rufe abin da ƙaramar kalma za ta tona.

Washegari na koma wurin kawu na ce masa, “Kawu, abin da suka rubuta shi ne kana da hanya. Ka shiga, ka fito da rakenka, ba mai hana ka, ko da maƙwabcin ya sayar da gonarsa ga wani.” Ya ce, “To me ya hana su ce hanya?” Ya sa aka kira mai unguwa da maƙwabcin, aka je aka auna faɗin da amalanke za ta wuce, aka kafa duwatsu, sannan ya dangwala hannu.

Aikin wannan mako: kowa ya rubuta sakin layi ɗaya a kan wani da ya bar garinsu, sau uku, da “ƙaura”, da “gudu”, da “hijira”, ya duba abin da ya sauya a zuciyar labarin. Allah ya ba waɗanda aka raba da gidajensu mafita, ya mayar da su lafiya.